Inda Lambar Kyauta Take Sauka

Dakta Hindatu likitar dabbobi ce, 'yar makiyaya daga wata ruga da ke bayan Aujara. Da ta gama karatu ta dawo Dutse ba ta nemi kujera a sakatariya ba. Ita da ƙungiyar makiyayan yankin suka buɗe layin waya na kyauta, lamba mai farawa da 0800, wadda duk mai saniya ko tunkiya marar lafiya zai iya kira ko da babu kati a wayarsa. Hindatu ke ɗauka, ta saurara, ta faɗi abin yi. In abin ya fi ƙarfin bayani da baki, ta hau babur ta je.

Lambar ta shiga mutane sosai. An rubuta ta da gawayi a bangon masallatai da bakin rijiyoyi, har matan da ba su taɓa shiga aji ba sun haddace ta.

Ofishin kuwa wani ɗan ɗaki ne a jikin shagon kawunta, Alhaji Barau, mai sayar da maganin dabbobi. Shi ya ba da ɗakin, shi ya nemo wayar girke, irin wadda ake ajiyewa kan tebur, kuma a kanta duk kiran yake shigowa.

Tafiya ta yi tafiya, sai Alhaji Barau ya fara matsa mata. So yake duk wanda ya kira a turo shi shago ya sayi allura.

"Kawu, saniyar da ƙaya ta soka ba ta bukatar allura," in ji Hindatu wata rana. "A cire ƙayar, a wanke da ruwan gishiri, shi ke nan."

"To ni da me zan ci? Ɗakin nan kyauta kike zaune a ciki."

"Na sani, kuma na gode. Amma ba zan ce wa mutum ya sayi abin da ba zai amfane shi ba."

Ya ce in haka ne ta ba shi ɗakinsa. Ta tattara kayan aikinta. Da ta kai hannu kan wayar, sai ya ɗora nasa a kai.

"Wannan da sunana aka yanke ta. Nan za ta zauna."

Hindatu ta kama wani ɗaki a unguwar Takur, ta riƙa raba lambar wayarta ta hannu. Kaɗan ne suke kira. Wannan tana cin kati, kuma ba ita ce a bakin mutane ba. Wani lokaci ta wuni a zaune tana kallon bango, tana jin a ranta cewa can cikin gari wayar tana ta ƙara, wani ne yake ɗauka.

Ranar wata kasuwar Shuwarin ta shiga kara tana duba shanu, sai wata dattijuwa mai sayar da nono ta riƙo mata mayafi. Inna Zaituna ce, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'yan shanu.

"Likita, ina kika shiga? Na kira lambarki, namiji ya ɗauka. Na ce cikin saniyata ya kumbura, ya ce in aiko a sayi allura. Na aika, aka yi mata. Kafin la'asar ta mutu."

"Inna, me ta ci?"

"Gyauron dawa ta faɗa wa."

Hindatu ta runtse ido. Da ita ta ɗauka, ta san abin da za ta ce a yi nan take, kuma wataƙila da saniyar tana raye. Ta ba dattijuwar haƙuri, ta bar kasuwar ba ta ko duba sauran shanun ba.

Washegari ta hau mota zuwa Kano, ofishin kamfanin da ya ba su layin. Ta yi niyyar roƙon wata sabuwar lambar kyauta, ko da za a sake shan wahalar koya wa mutane ita daga farko. Aka haɗa ta da wani injiniya mai suna Abdulbaƙi. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce:

"Dakta, lamba nawa kike zaton kuna da ita?"

"Ɗaya mana."

"Biyu ce. Akwai ta wayar girke, mai lambar yanki a gaba. Ku a Dutse kuna amfani da irin ta Kano, wadda a da ake fara ta da 064, yanzu kuma 02064. Hukumar sadarwa ce take ba kamfani irin waɗannan lambobi a dunƙule, mu kuma mu riƙa ba masu nema ɗaya bayan ɗaya, in suna da wurin zama a yankin. Wannan ta girken ita ce ta kawunki, kuma ba mai iya ƙwace masa."

"To ai shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Ita 0800 ba ta da gari, ba ta da waya ta kanta. Duk wanda ya kira ta, mu muke ɗaukar kiran mu sauke shi a kan wayar girken da mai lambar ya nuna mana. Yau tana sauka a shagon kawunki. In mai ita ya ce a sauke ta wani wuri, can za ta koma. Wa ya nemi ta kyautar?"

Hindatu ta gyara zama. "Ƙungiya ce. Ina wurin. Shugabanmu, Arɗo Bubayero, shi ya dangwala hannu."

"To ki samu wayar girke ta ƙungiya, ki zo min da Arɗo da ƙafarsa. Lambarku ba ta je ko'ina ba."

Ta fito tana dariya ita kaɗai har mai adaidaita ya waigo ya dube ta.

Amma Arɗo Bubayero bai yi murna kamar yadda ta zata ba. Tsoho ne mai gudun rigima, kuma 'yarsa tana aure a gidan su Barau.

"'Yata, wannan abin zai raba zumunci," in ji shi. "Ba zan yanke ni kaɗai ba. A tara mutane."

Aka taru a Kiyawa, ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidan Arɗo, maza a gaba, mata a gefe. Alhaji Barau ya fara magana. Ya ce shi ya ba da ɗaki, shi ya kawo waya lokacin da ba wanda ya san darajarta, yau kuma 'yar ƙanwarsa, wadda ya ɗauka a kafaɗa tana ƙarama, ita za ta tozarta shi a gaban jama'a. Mutane da yawa suka gyaɗa kai, don abin da ya faɗa game da ɗawainiyarsa gaskiya ne.

Hindatu ta durƙusa ta gaida dattawa. "Duk abin da Kawu ya ce ya yi, ya yi. Wayarsa tasa ce, ba wanda zai taɓa ta. Abin da nake roƙo shi ne, mai kiran lambar ƙungiya ya samu likita."

Arɗo yana kallon ƙasa, ga alama zai ce a bar maganar sai wani zama. Sai Inna Zaituna ta miƙe daga cikin mata, abin da ba a saba ba.

"Arɗo, a gafarce ni. Ni ban san lamba biyu ko goma ba. Saniyar da nake tatsa in ciyar da marayu ta mutu ina riƙe da waya a kunne. Gobe ta wa za ta mutu?"

Wani makiyayi ya ce shi ma an sa shi sayen maganin da bai yi masa komai ba. Wani ya ce shi ya daina kira gaba ɗaya. Magana ta ɓarke ta ko'ina. Arɗo ya ɗaga sandarsa, aka yi tsit.

"Barau, mun gode da abin da ka yi mana, kuma ba za mu manta ba. Amma lambar ta makiyaya ce. Hindatu, yaushe motar Kano take tashi?"

Alhaji Barau ya karkaɗe rigarsa ya tafi ba sallama.

A Kano, Injiniya Abdulbaƙi ya tarbi Arɗo da girmamawa, ya fitar wa ƙungiya sabuwar lambar girke, da adireshin ɗakin Takur. Ya kuma ce zai haɗa ta yadda in wayar tebur ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, kiran zai wuce zuwa wayar hannun Hindatu. Ya ce ranar Alhamis da hantsi za a karkatar da layin.

Ranar Alhamis ɗakin Takur ya cika har waje. Wasu sun zo daga Aujara, wasu daga ƙauyukan Kiyawa, don su gani da idonsu. Sabuwar wayar tana kan tebur, an shimfiɗa mata kyalle. Arɗo ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa, ya danna lambar kyauta a hankali, ya sa ta a sifika. Aka ji tana shiga, amma ta kan tebur ko motsi.

"Salamu alaikum, shagon magani ne." Muryar Alhaji Barau ce.

Arɗo ya yi sauri ya kashe. Wasu suka fara gunaguni, wani ma ya ce dama ya san abin ba zai yiwu ba. Hindatu ta fita ta kira injiniya, ya ce yana kan aikin, a ɗan ƙara haƙuri. Ta dawo ta zauna, ba ta iya haɗa ido da kowa.

Arɗo bai kai ga sake gwadawa ba, wayar kan tebur ta ɗauki ƙara da kanta. Kowa ya dubi na kusa da shi. Ba wanda ke danna komai.

Hindatu ta ɗauka. "Layin makiyaya, Dakta Hindatu ce."

"Likita! Ke ce? Alhamdu lillahi!" Muryar ta fito da ƙarfi har na bakin ƙofa suna ji. "Jaji ne, daga gabas da Aujara. Karsanata tana naƙuda tun safe, ƙafa ɗaya kawai ta fito."

Inna Zaituna ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, maza suna kabbara. Hindatu ta toshe kunne ɗaya da yatsa tana ɗaga murya.

"Malam Jaji, kada ka ja ƙafar. Ka ji ko? Kada kowa ya ja. Ku tashe ta tsaye in za ta iya, ku dafa ruwa, ku nemo sabulu. Ga ni nan zuwa."

Ta ɗauki jakarta, mutane suka buɗe mata hanya. Arɗo ya biyo ta har bakin babur yana murmushi, yana cewa Allah ya yi albarka.

Ta iske karsanar ta galabaita, a kwance a inuwar marke. Ta naɗe hannun riga, ta shafa sabulu har kafaɗa, ta sa hannu a hankali ta lalubo ɗayar ƙafar da ta lanƙwashe, ta miƙar da ita. Sannan ta ce wa Jaji da ɗan'uwansa su ja in ta ce su ja, su tsaya in ta ce su tsaya. Can sai ga maraƙi ya sulluɓo, jiƙe sharkaf, ba ya motsi. Ta share masa hanci, ta goge masa ƙirji da ƙarfi da busasshiyar ciyawa. Ya yi atishawa, ya girgiza kunne.

Uwar ta juyo da kai ta fara lasarsa. Jaji ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, hawaye na zubo masa. Matarsa ta kawo ƙwaryar kindirmo mai sanyi, ta ce likita ba za ta hau babur ba sai ta shanye. Hindatu ta wanke hannu, ta zauna kan turmi ta karɓa, tana kallon maraƙin yana ta faman miƙewa a kan ƙafafunsa.