Minti Goma na Hatanaka

Dokar da hukumar gari ta fitar gajeriya ce. Duk gidan da ake ba baƙi 'yan yawon buɗe ido haya na kwana biyu ko uku, dole a sami mai kula da shi wanda zai iso ƙofarsa cikin minti goma idan an kira shi. Tsoho Hatanaka ya karanta takardar har sau uku, ya juya bayanta ko an faɗi da ƙafar wa za a auna mintocin. Ba a faɗa ba.

Shi ke kula da gidan Fumie, matar marigayi amininsa. Tun da aka kai ta gidan tsofaffi a Osaka, hayar baƙin nan ce kawai ta hana 'ya'yanta sayar da gidan. In aka ƙwace izinin ba da hayar, rushe shi za a yi a mayar da filin wurin ajiye motoci.

Wata safiya baƙi suka fitar da shara ranar da ba a kwashe shara, hankaki suka yi walima a tsakar lungu. Aka kira Hatanaka, bai iso ba sai bayan minti ashirin da biyu. Kuwabara mai awara, wadda shagonta ke jikin gidan, ta kai ƙara.

Abin ya ɗaure masa kai. Hanya dai ba ta ƙara tsawo ba, sai in tana miƙewa ne idan ba a kallonta. Hukuma ta turo ma'aikaciya, Nagase, ta bi shi a baya tana duba agogo.

"Baba, ƙafarka lafiya lau take," in ji ta. "Gaisuwa ce ke cinye ka. Wanzami kaɗai minti huɗu ka ba shi, har da tambayar lafiyar kyanwarsa."

"To 'yar nan, kyanwar ba ta da lafiya ne."

"Ranar Laraba zan dawo. In ka wuce goma, ba yadda zan yi."

Labari ya zaga lungu. Mutanen su ma ba su san abin da suke so ba. Sun gaji da ƙarar akwatunan baƙi, amma ba mai son buɗe taga ya ga motoci. Ranar Laraba, da Hatanaka ya fito, sai ya tarar da lungun tsit. Wanzami ya sauke labule. Mai share ƙofar wurin ibada ya juya baya yana share inda ya riga ya share. Hatanaka ya yi ta tafiya yana waige-waige, yana jin kamar ya mutu ne aka manta ba a gaya masa ba.

Saura taku ashirin, sai ga Kuwabara a tsakiyar hanya, hannaye a kan gwiwa, ta rusuna har yana ganin furfurar ƙeyarta.

"Barka da hantsi, maigidan baƙi! An ce ka koma ɗan tsere da tsufanka. Ya gwiwa? Ya sanyin bana? Ina labarin Fumie?"

"Minti tara," in ji Nagase daga baya, ƙasa-ƙasa.

Shekara arba'in yana amsa gaisuwar matar nan. Ya kasa gane ko tarko ta ɗana masa, ko kuwa ita kaɗai ce a lungun ta kasa barinsa ya wuce kamar baƙo. Bakinsa ya buɗe da kansa, bayansa ya fara lanƙwashewa. Sai ya ɗauke kai, ya ratse ta gefenta bai ce uffan ba, ya dafa ƙofar Fumie.

"Tara da daƙiƙa arba'in," in ji Nagase. Ta buga hatimi a takarda, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya juyo da sauri don ya amsa. Kuwabara ta riga ta shige shago, ta ja ƙofa. Ya tsaya gaban katakon, ya rusuna.

"Gwiwa da sauƙi," in ji shi. "Fumie tana gaishe ki."

Ba a buɗe ba.