Ƙwayar Rumbu a Unguwar Zahir

Yari na tsakanin hawa na biyu da na uku, tankin feshi goye a bayansa, warin ya tare shi. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala. Wari ne kamar na tafarnuwa da ta ruɓe tare da kifi, bai da ƙarfi, wanda bai san shi ba zai ɗauka shara aka manta ba a fitar ba. Shi kuwa ya san shi tun a Funtuwa, a shagon waken mahaifinsa, inda ake ƙulle ƙwayar maganin ƙwari a tsumma a cusa cikin buhu, a garƙame ƙofa, a hana kowa raɓar wurin har mako guda.

Ya ƙarasa hawa da sauri. Ƙofofi biyu ne ke kallon juna. Ta gida na takwas, nan kamfani ya turo shi feshin kyankyasai karo na biyu. Ta bakwai an bi gefunanta da salatif mai faɗi, an toshe kafar mukulli, an cusa tawul a ƙasa. Babu takardar gargaɗi, babu komai.

Shekara tara ke nan Yari yana wannan aiki. Shida a Jidda, a unguwannin bakin teku inda bango ke gumi, kyankyasai ke fitowa daga magudanar ruwa manya kamar dabino, sannan uku a nan Makka. Abu na farko da aka koya masa shi ne ƙwayar rumbu ba ta shiga gidan da mutane ke kwana. Iskar da take fitarwa ba ta san bango ba. Tana bin bututun banɗaki, ta bi ramin na'urar sanyaya ɗaki, ta bi silin, ta faɗa wa maƙwabta.

Ya kuma san wanda ya liƙe ƙofar nan. Mako biyu da suka wuce, da ya zo feshin farko, Abdulilah, dillalin da ke ba alhazai hayar gidajen, ya tare shi a ƙasa. Kuɗin cizo sun cika katifun gida na bakwai, baƙi kuma na tafe. Yari ya ce kamfaninsu sai ya zo sau uku.

"Sau uku? Ba ni da wannan lokacin. Ba ka san wani mai yi sau ɗaya a gama ba?"

Yari ya ba shi lambar Tsoho, yayan matarsa Iyatu. Shi ya nema wa Tsoho hanyar zuwa aikin gini, kamfanin ya rushe, iƙamarsa, wato takardar zama, ta mutu, ya koma bin gidaje da tsohon famfon feshi. Ɗaki ɗaya suke kwana a Kudai. Yari ya taɓa ganin gwangwanin ƙwayar a ƙarƙashin gadonsa, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, a dai yi hankali." Mutum ba ya yi wa yayan matarsa faɗa.

Ya buga ƙofa ta takwas da tafin hannu. Sai da ya buga sau huɗu aka buɗe. Dalal ce, matar gidan, ta yafa abaya a karkace, ta dafe goshi. A Makka aka haife ta, Larabci ya fi mata sauƙi, amma tana yi masa Hausa saboda mahaifiyarta.

"Ya akhi, yau ba za a yi feshi ba. Duk ba mu da lafiya. 'Yata Arwa tana amai tun asuba, mahaifiyata ma. Kifin da muka ci jiya ne."

"Ba kifi ba ne. Ku fito yanzu."

"Me?"

"Hajiya, guba ce a iskar gidan. Ɗauko yarinyar ku sauka ƙasa. Kada ki tsaya ɗaukar komai."

Ta ja ƙofar kaɗan, ta dube shi da tankinsa. Mijinta Nawaf yana wurin aiki a Jidda, ga baƙon namiji yana ba ta umarni a bakin ƙofarta.

"Bari in kira Nawaf."

"Ki kira shi a titi."

Daga ciki wata murya ta fito a raunane, da Hausar Katsina tsantsa. Hajiya Ɗaso ce, mahaifiyar Dalal, tsohuwar da ta cika shi da dabino da addu'a wancan zuwan.

"Wane ne, Dalal?"

"Inna, ni ne mai feshi," in ji Yari da ƙarfi. "Ƙwayar rumbu aka sa a gidan da ke kallon naku. Wadda ake sa wa wake."

Tsohuwar ta ce, "Innalillahi. Buɗe masa, Dalal. Buɗe masa!"

Ya ajiye tankin a bakin ƙofa ya shiga. Na'urar sanyi na ta aiki, tagogi duk a rufe, warin ya fi na waje. Yarinyar tana kwance a kan kujera, 'yar shekara huɗu, an yi mata kitso da ƙananan duwatsu masu launi. Leɓunanta sun yi duhu. Da ya ɗaga ta ba ta yi kuka ba, kanta ya faɗa a kafaɗarsa, numfashinta gajere yana taɓa wuyansa. Dalal ta kama mahaifiyarta. Suna sauka Yari na harbin kowace ƙofa da ƙafa yana ihu da Larabci a fito, akwai gas.

A titi rana ta riga ta yi zafi, ƙarfe goma da 'yan mintoci. Mai gadin ginin, wani ɗan Bangaladash, ya shimfiɗa kwali a inuwar shagon wanki, aka kwantar da yarinyar. Yari ya kira motar asibiti, ya kira 'yan kwana-kwana. Mutane suka yi ta fitowa, wani da jallabiyar barci, wata da tukunya a hannu ba ta san ta riƙo ta ba. Dalal ta durƙusa tana shafa fuskar Arwa da ruwan gora, tana kiran sunanta, tana kiran Nawaf a waya, duk a lokaci ɗaya.

Da motar asibiti ta iso, Yari ya riƙe hannun ma'aikacin ya faɗa masa sunan gubar, ya maimaita, ya karɓi biro ya rubuta masa a bayan takardar aikinsa.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Kada su ɓata lokaci a kan abinci."

Mutumin ya dubi yarinyar, ya dubi abokin aikinsa. Aka saka su su uku, mota ta tafi.

'Yan kwana-kwana suka ja igiya suka zagaye ginin, biyu suka shiga da tulun iska a baya. Yari ya zagaya bayan motar kamfani, inda ba mai jinsa, ya kira Tsoho. Ya ɗauka a bugu na biyu, da hayaniyar motoci a bayansa, muryarsa wasai.

"Yari, ya aka yi? Ka ci abinci?"

"Yaya, gidan Zahir. Me ka sa?"

"Au, ka je can? Ai aiki ya yi kyau. Gobe zan je in buɗe."

"Ƙwaya nawa?"

"Ashirin. Katifu goma sha biyu ne fa. Na liƙe ko'ina, ko sauro ba zai fita ba."

"An tafi da mutum uku asibiti. Akwai yarinya ƙarama."

Hayaniyar motocin ta ci gaba. Yari ya ji numfashin Tsoho ya sauya.

"Na liƙe ƙofar, wallahi na liƙe. Ai a gida haka muke yi."

"A gida rumbu ne a tsakar fili, Yaya. Nan bango ɗaya ne da mutane."

"Wani ya tambaye ka?"

"Tukuna."

"To ba ka san komai ba. Ka ji? Kai feshi ka zo yi. Ka dubi Iyatu, ka dubi 'ya'yana biyar. Ka san abin da ake yi wa marar iƙama in aka samu rai a hannunsa." Sannan kamar da kansa yake magana ya ce, "Na Jarwal ma na liƙe shi da kyau."

Yari ya jingina da motar. Ƙarfen ya ƙona masa baya, bai matsa ba.

"Wane na Jarwal?"

"Babu komai."

"Yaushe ka sa?"

"Ɗazu da safe. Ƙaramin gida ne."

"Wane gini? Yaya, don girman Allah, wane gini? Ni zan je da kaina, ba sai kowa ya ji ba."

"In ka je suna biye da kai."

"Akwai mutane a kusa?"

"Ina babu mutane a Jarwal?" in ji Tsoho. "Bari in yi tunani. Zan kira ka."

Ya kashe. Yari ya sake kira, aka ce wayar a rufe take. Ya kira sau shida.

Ya san Jarwal. Gine-gine ne manne da juna a kan tudu, lunguna kamar hanji, kowane ɗaki gadaje shida ko takwas, tsofaffin alhazai da suka tara shekaru suna jiran wannan tafiya, suna dawowa daga Harami da azahar su kunna sanyi su kwanta. Ko kwana uku zai yi yana hawa da sauka ba zai gama duba ƙofofin ba. Ƙwayar kuwa ba ta jira. Da ta sha danshin iska take fara aiki.

Wajen sha ɗaya da rabi Abdulilah ya iso a farar mota, shi ma jikan Hausawa ne, amma yau babu Hausa a bakinsa. Ya tsaya gaban jami'in da ke rubutu yana buɗe hannuwa. Gidan a rufe yake tun watan jiya. Bai san wanda ya shiga ba. Wataƙila tsoffin 'yan haya ne. Da ya juyo idonsu ya haɗu, ya riƙe kallon Yari na ɗan lokaci, ya girgiza kai a hankali, kaɗan, yadda ba wanda zai lura. Yari ya matsa kusa da shi.

"Kai ka ba shi na Jarwal?"

"Ban san ka ba," in ji Abdulilah cikin Larabci, ya koma motarsa ya rufe gilashi.

Jami'in ya zo wurin Yari. Matashi ne mai siririn gemu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya karɓi iƙamarsa ya duba, ya duba katin kamfani, ya leƙa bayan motar ya karanta jikin galan-galan ɗin magani, ya ga duk masu izini ne. Ya miƙo masa katunansa.

"Kai ka fitar da su?"

"Ni ne."

"Allah ya saka maka. Ba don kai ba da ginin nan duka ne. Kana iya tafiya."

Yari ya sa katunan a aljihu. Ya buɗe mota ya zauna. Sitiyarin ba ya taɓuwa don zafi. Saƙon ofis ya shigo, akwai gida a Kudai ƙarfe ɗaya, ɓeraye a silin. Ya sa mukulli, bai murɗa ba. In ya tafi yanzu, da yamma zai tarar da gadon Tsoho babu kaya, shi ke nan. Zai ci gaba da aiki. Iyatu za ta ji cewa yayanta ya koma Jidda.

Wayar mai gadi ta yi ƙara a bakin shagon wanki. Ya ɗauka, ya saurara, ya zauna a kan kwalin da aka kwantar da yarinyar. Matan da ke tsaye suka kewaye shi. Wata ta ɗora hannu a ka. Ta gilashin mota Yari bai ji kalma ɗaya ba, amma ya ga salatin yana tafiya daga baki zuwa baki har ƙarshen igiyar. Ya sauke gilashi.

"Tsohuwar?" ya tambayi wani da ke wucewa.

"Yarinyar. Tsohuwar tana nan, ba a sani ba tukuna."

Yari ya dubi kafaɗar rigarsa. Akwai ɗan tabon amai da ya bushe a wurin. Daga masallacin unguwa aka fara gyaran lasifika don kiran azahar.

Ya zare mukullin, ya fito, ya kulle motar. Ya je ya ba mai gadi mukullin ya ce in 'yan kamfani sun zo ya ba su, tankinsu ma yana hawa na uku. Sannan ya ɗaga igiyar ya shiga. Jami'in na magana a rediyo, ya ɗaga masa hannu ya jira. Yari bai jira ba.

"Akwai wani gidan a Jarwal. Da safen nan aka sa. Ban san ginin ba, amma wancan mai farar motar zai iya sani, wayar wanda ya sa ma za ta nuna."

Jami'in ya sauke rediyon.

"Ta yaya ka sani?"

"Yayan matata ne. Ni na ba da lambarsa."

Matashin ya dube shi. Ya yi wa wani ɗan sanda alama ya tare farar motar, ya yi magana da sauri a rediyo, sannan ya miƙo hannu. Yari ya ciro iƙamar ya ba shi. Wannan karon bai duba ba, ya sa ta a aljihun gaban rigarsa ya ɓalla maɓalli. Ya buɗe littafinsa.

"Sunansa. Cikakke."

Ba wanda ke kiran Tsoho da sunansa na yanka. Sai da Yari ya yi ɗan tunani kafin ya tuna inda ya taɓa jinsa gaba ɗaya: a zauren surukansa, shekara goma sha huɗu da suka wuce, da liman ya tambayi wane ne waliyyin amarya.

"Zubairu Alhassan Maska," ya ce.

Jami'in ya rubuta da baƙin Larabci, ya juyo masa littafin ya ga ko daidai ne. Yari ya gyara masa harafi ɗaya.