Layi na Goma Sha Tara

Aikina sassaƙa sunaye a duwatsun kabari. Ina da 'yar rumfa a Narayi, bayan masu walda.

Bara tsofaffin sojojin unguwarmu suka kawo mini dutsen marmara mai tsayin ƙofa. Baba Ernest ne shugabansu, ya yi yaƙin Laberiya, ƙafa ɗaya ya dawo da ita. Sunayen 'yan unguwa da suka mutu a fagen daga suke so, tun daga yaƙin basasa har na yanzu. Mutum goma sha takwas.

"Me dutse zai yi musu, Baba?" na ce.

"Su ba komai. Na masu rai ne, su sami wurin tsayawa."

Yayana Derrick soja ne, amma ba ya cikin jerin. Shekara huɗu ke nan da ya ɓace a wajen Tafkin Chadi. Ba gawa, ba takarda. Mama ta bar tuyar ƙosanta ta same mu a rumfa.

"Baba, ku sa mini shi. Ba ni da kabarin da zan je."

"Celina, ƙa'idarmu ce. Sai da takardar mutuwa. In muka rubuta shi ya shigo gobe fa? Mun binne mai rai ke nan."

"To ya shigo mana! Ni zan goge da hannuna."

Bai yarda ba. Da na auna layukan sai na bar wurin suna ɗaya a ƙasa, na goge shi sumul. Baba Ernest ya gani, ya kau da kai.

Aka kafa dutsen a bakin filin ƙwallo. Duk Lahadi in an tashi coci Mama takan je ta ɗora tafinta a wurin nan da ba rubutu. Har ya fi sauran dutsen sheƙi.

Watan jiya Baba Ernest ya zo da takarda a hannu. Bashir, ɗan mai nama, shi ma soja, an binne shi a Maiduguri. Ajinmu ɗaya a sakandare.

"Ɗana, dutsen ya cika. Wurin nan kaɗai ya rage."

"Na Derrick ne."

"Na sani. Amma uwar Bashir tana da takarda."

Ranar Alhamis na ɗauki guduma da cizal ɗin sassaƙa na tafi filin. Sunan Bashir, harafi shida. Aikin ya fita tsaf.

Yau Asabar. Mama tana tsakar gida tana goge zanenta na coci. Ban gaya mata ba tukuna.