Igiyar Rediyon Baba

Keken surfanin da ke shagon Malam Mohaman a unguwar Briqueterie ta Yawunde ba ya cin komai sai disket, irin faifan nan mai murabba'i da duniya ta manta da shi. Zanen aska da tambari da Malam ya yi shekaru yana yi da allura, 'yarsa Safinatu ce ta kwashe shi cikin wata tsohuwar kwamfuta tun da idonsa ya fara hazo. Daga nan take juye shi a disket ta ba keken.

To, ana saura kaɗan Sallah aka ɗauke wuta tana tsakar aiki, sistem ɗin kwamfutar ya mutu murus. Malam bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi in abin bai tashi ba zai miƙa shagon ga masu sayar da waya, su tattara su koma Garwa. Safinatu kuwa a nan aka yanke mata cibi, Garwa sai a bakin mutane take jin ta. Hankalinta ya tashi ƙwarai.

Ta kira Zakari, Bakanon da ke gyaran waya a maƙwabta, mutumin da bai taɓa cewa bai iya ba. Ya zo da faifan CD na sistem, yana cika baki wai kafin la'asar an gama.

Ai kuwa ya gamu da gamonsa. Kwamfutar rami ɗaya gare ta a gefe: ko ka zura akwatin disket, ko ka zare ka zura na CD. Ba ta tashi daga CD, sai da disket. In ta tashi, Zakari ya yi wuf ya zare ya cusa na CD, sai ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ya sake, ya kuma, har da saurin hannu kamar mai juya tsire, a banza. Ya share gumi, ya zage ta da Faransancin da bai ƙware ba, sannan ya amsa cewa dole a haɗa biyun lokaci guda. Irin waɗannan, in ji shi, da wata gajerar waya suke zuwa, mai faffaɗan kai, wadda ake jona akwatin disket da ita ta baya. Amma wa zai samo ta yau a Yawunde?

Safinatu ta zazzage jakar kwamfutar, ta birkita buhun ƙyalle, har ƙarƙashin keke ta leƙa. Tela dai ba ya yar da igiya, wannan ta sani. Tana ɗagowa idonta ya sauka kan rediyon Baba, wanda ke rataye a ƙusa tun tana makaranta. Abin da aka rataye shi da shi baƙar waya ce mai kauri, faffaɗan kawunanta biyu suna lilo.

Ta juya ga Baba. Mutumin da ya riga ya sa ransa a Garwa, za ta ce ya sauke rediyonsa?

"Baba," ta ce a hankali, "igiyar nan taka muke nema."

Malam ya miƙe, ya lalubi ƙusar, ya kwance ƙullin da haƙori, ya busa ƙurar da ke cikin kawunan.

Zakari ya jona, CD a ciki, disket a waje. Kwamfutar ta yi gurnani, ta ga faifan, aiki ya kama. Zanen ma yana nan lafiya lau, ba wanda ya ɓata.

Da keken ya gama askar farko a kan farar shadda, Safinatu ta ɗora a cinyar Baba. Ya bi ta da yatsa daga wuya har aljihu, a hankali, yadda yake yi in yana neman laifin ɗinki.

"Wannan hannuna ne," ya ce. Ya ɗauki rediyon daga ƙasa ya miƙa mata. "Nemo mini ƙyalle mai ƙwari, Safinatu, ki mayar da shi ƙusarsa."