Gidan da Ya Bar Filinsa

Shekara arba'in ni nake ba da murya idan za a ɗauki gida a ƙauyenmu. Gidajenmu na katako ne, a kan dirkoki suke tsaye. A ɗaure gora a ƙarƙashin dirkoki, maza su shiga su sa kafaɗa, in ƙirga uku, gida ya tashi. Ko taga ban taɓa karya wa kowa ba.

'Yata Cenning da mijinta Mappa sun shekara shida a ɗakin baya na gidan uwarsa. Sai aka kawo rancen sayen gida da gwamnati ke tsaya wa mutanen karkara. Wata takwas suna jeka-ka-dawo zuwa birnin Sengkang da takardu kafin a ba su. Suka sayi gidan marigayi malamin makaranta, can ƙarshen gari wajen gada. Katako mai kyau, dirka ashirin.

Wajen gada da nisa. Ni kuwa ina da fili gefen gidana, babu kowa a kai sai kaji. A wurinmu wanda ya sayi gida ɗaukar abinsa yake yi. Ranar Juma'ar da suka tafi birni karɓo takarda ta ƙarshe, na miƙe a masallaci bayan sallah na nemi a taya ni ɗauko gidan. Su ban gaya musu ba. Kyauta ce.

Matata Indo Tang tana yanka albasa ta ce, "Ambo Tuo, ka tambayi yaran?"

"Tun yaushe uba ke tambaya?"

"To. Ni dai miya aka sa ni."

Mutum ɗari da ashirin suka shiga. Kafin la'asar gida ya zauna daram kusa da nawa. Aka sha miya, aka watse.

Da motar birni ta sauke su wajen gada, duwatsu ashirin na ƙarƙashin dirkoki kawai suka tarar, da akuyar maƙwabta. Cenning ta iso gidana tana haki. Ambo take ce mini, wato baba.

"Ambo, ina gidana?"

"Ga shi a gabanki. Hau ki gani, har tsani na gyara."

Ba ta hau ba, zama ta yi a ƙasa. Mappa, wanda bai taɓa haɗa ido da ni ba, ya kira ni da sunan girmamawa da muke yi wa manya, ya ce a hankali, "Puang, gidan da filin tare aka jinginar. Litinin za a zo ɗaukar hoto. In ba a same shi a wurin ba, soke rancen za a yi."

"A gaya musu ya matso cikin mutane."

"Takarda ba ta san haka ba, Puang."

Litinin ma'aikaciyar bankin ta zo a babur, Ibu Rahmatia, haihuwar birni. Ta tsaya tsakiyar duwatsu, ta dubi takarda, ta dubi akuya, sannan ta dube ni.

"Puang, an ce mini akwai gida a nan."

"Da akwai."

"Gobara aka yi?"

"Allah ya kiyaye. Ɗauke shi muka yi."

Na kai ta inda yake. Ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa dirka ɗaya ta ce, "Shekara tara ina aikin nan. Na sha ganin wanda ya gudu ya bar gida. Yau na ga gidan da ya gudu ya bar fili."

Na ce ta goge wancan filin ta rubuta nawa. Ta ce sai dai a sake nema daga farko, wani wata takwas ɗin, kuma ba lalle a samu ba. Na dubi Cenning. Ba kuka take ba, makullin kawai take juyawa a hannu.

Ibu Rahmatia ta hau babur ɗinta. "Litinin mai zuwa zan dawo. Abin da na tarar a kan duwatsun can, shi zan rubuta."

Juma'a na sake miƙewa a masallaci.

"Jama'a, akwai gidan da za a ɗauka."

Daeng Palallo, tsohon abokina mai bakin tsiya, ya ce, "Na wa?"

"Na Cenning."

"Wani ta kuma saya?"

"Wancan ɗin dai."

"Zuwa ina?"

"Inda muka ɗauko shi."

Liman ya toshe baki da hannun riga. Palallo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Ambo Tuo, kafaɗar nan tawa ko hucewa ba ta yi ba. Gidan nan in yawo yake so, mu sa masa taya mana."

Na bari dariya ta lafa, na ce, "Kuskure nawa ne. In ba a mayar ba, yarinyar za ta rasa gida."

Babu wanda ya taɓa jin wannan kalma a bakina. Mutum ɗari da arba'in suka zo, wasunsu fuskata kawai suka zo kallo. Ɗan maraƙina ya tafi a miya. Na ƙirga uku, gida ya tashi, muka dire kowace dirka a kan dutsenta.

Litinin aka ɗauki hoto. Ibu Rahmatia ta ce in matsa gefe, kada banki ya ɗauka har da ni aka jinginar.

Da ta tafi, Cenning ta miƙo mini shayi ta ce, "Ambo, bayan gidan akwai wurin da zai ɗauki wani gidan. Na tambaye ta, ta ce babu laifi."

Na kurɓi shayin. Nawa gidan dai babu takardar kowa a kansa. Na koma na tambayi Indo Tang, ta dube ni kamar ta ga baƙo, sannan ta ce a ƙaro albasa.

Juma'a ta uku ina miƙewa, ban ma buɗe baki ba, Palallo ya riƙe kafaɗa ya ce, "Wayyo Allah. Wanne kuma?"