Rigar Algarara

Kowa a ƙauyen ya san Haiyan ba Fenglan ce ta haife ta ba, amma bakin kowa a ɗinke. Mahaifinta Kuang malamin makaranta ne a birni, ga doka ta ce haihuwa ɗaya tak, mai albashin gwamnati da ya ƙara kuwa a bakin aikinsa. Shi namiji yake so. Aka naɗe jaririyar a bargo aka kai wa ƙanwarsa Fenglan, aka ce wa hukuma ba ta zo da rai ba. Bayan ƴan shekaru aka samu namijin, Lijun.

Haiyan ta tashi tana ce wa ubanta Kawu, uwarta kuma Matar Kawu. Tana ƙarama ta taɓa yin kuskuren ce wa Matar Kawu "Mama" a kasuwa, Fenglan ta ɗauke ta da marin da ya hana ta tauna abinci ranar. Duk sabuwar shekara Matar Kawu kan zo da takalmin da ta ɗinka da hannunta, kullum ya yi kaɗan, don ƙafar bara ta sani.

Haiyan na da shekara sha biyar matar ta rasu.

A al'adarsu ƴaƴan mamaci rigar algarara suke sawa, mai kaushi marar ƙalmasa, sauran dangi farin yadi. Haiyan ta miƙa hannu kan algararar, Fenglan ta buge hannun.

"Ke, kina hauka? Ba ki ga wadda ke zaune can ba?"

Tao ce, jami'ar ƙayyade haihuwa, ta zo ta'aziyya tana ɓarar ƴaƴan kankana tana ƙare wa fuskoki kallo.

"Uwata ce fa," in ji Haiyan.

"Uwarki ga ta tsaye a gabanki. So kike a kori kawunki, Lijun ya ci ƙasa?"

Haiyan ta sa farin yadin. Lijun kuwa sai soshe-soshe yake yana mita wai rigar tana cizonsa. Baƙin ciki ya tokare ta, ta ji kamar ta shaƙe yaron.

Kafin a buga ƙusoshin akwatin gawa, kowa kan matso ya kira mamaci da sunan da ke tsakaninsu. Haiyan ta ƙudura a ranta yau za ta kira ta "Mama", a kori wanda za a kora. Sau ɗaya dai, matar nan ta ji kafin a rufe ta.

Lijun ya kira "Mama" a gurguje ya koma gefe. Haiyan ta durƙusa. Ga fuskar a kwance, hancin irin na Haiyan ne, haɓar ma irin tata ce. Kuang ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin wuyansa. Ta cika ƙirjinta da iska, ta buɗe baki da iya ƙarfinta.

"Matar Kawu!"

Abin da ya fito ke nan. Babu wanda ya taɓa ta, babu wanda ya harare ta. Harshen ne kawai ya bi hanyar da ya saba.

Tao ta karkaɗe ɓawo daga cinyarta. "Malam Kuang, ƴar ƙanwar nan taka akwai tarbiyya. Ji kuka kamar marigayiyar ce ta haife ta."

"Tana da kirki," in ji shi.

Haiyan ta sake buɗe baki, amma kafintan da ya haɗa akwatin ya riga ya ɗora murfin, ƙarar guduma ta cika ɗakin.