Kwamfutar da Aka Ba Mahbub Kiwo

Ita dai kwamfutar ta Hammadu ce, wannan ba wanda ya taɓa musu a kai. A wani gwanjon ofis ya tsince ta a Kano, ya kawo ta Gwarzo don a ce gidansa akwai kwamfuta, alhali ko inda ake kunna ta bai sani ba. Hammadu ɗan kasuwar hatsi ne, irin mutumin da in ya ba ka ruwa sai ya tsaya ya ga iya inda ka sha.

Ƙanensa Mahbub a gidan kallo yake aiki, shi ke sa fim, shi ke gyaran wayoyi. Da Shari'a ta shigo aka rufe gidan, ya koma zaman gida, ga mata ga 'ya'ya, ga tsadar rayuwa ta sa kowa ya kama aljihunsa. Sai da ya yi ta kai-komo kafin ya iya buɗe baki ya roƙi yayan ya ba shi kwamfutar. Hammadu ya ba shi, amma sai da ya kira baffansu Sajo, dattijon da ya rage a zuriyar, ya shaida cewa ba kyauta ba ce. Hammadu ya kuma ƙara da cewa gara Mahbub ya danna wannan da ya riƙa tara 'yan iska a ɗaki mai duhu. Mahbub ya haɗiye maganar, amma ba ta wuce masa ba.

Abin da ya ɗauko kusan gawa ne. In ka kunna ta, sai ka yi alwala ka yi salla ka dawo tana nan tana gurnani. Ba shi da halin sabuwa, don haka ya bi ta a hankali. Ya sayar da rediyonsa ya tafi Kano wajen masu kayan kwamfuta na hannu, ya sayo ram, wasu 'yan siraran alluna da ke ƙara mata sauri. Daga baya ya sake faifan ajiyarta da babba, ya sa mata sabuwar fanka. Duk abin da ya cire, masu shagon sukan karɓa a musaya ya yi ciko, shi kuwa yana murna ya sami sauƙi. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa tarkacen nan na wani ne.

Kwamfuta ta miƙe. Da wata tsohuwar firinta da ya samo, Mahbub ya zama mai buga katin biki da takardun ɗalibai a zaurensa, har daga garuruwan Garo da Mainika ake zuwa. Ya daina zuwa gaishe da Hammadu yana murza hannu yana jiran a fahimce shi. Wannan shi ya fi yi masa daɗi a duk lamarin, shi ne kuma ya fi ƙona Hammadu.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Hammadu ya biyo ta zauren ya tarar da mutane zaune suna jiran layi. Ya juya ya tafi. Washegari ya aiko a kawo masa kayansa.

Mahbub ya ce ba inda za ta. Aka yi cacar baki a ƙofar gida har unguwa ta taru. Hammadu ya kira shi butulu, shi kuma ya kira yayan mai baƙin ciki, suka tono maganganun da suka girmi 'ya'yansu. Ƙarshe aka tasa ƙeyarsu gaban Baffa Sajo.

A ruga aka haifi Baffa Sajo, kuma duk daɗewar da danginsu suka yi da zama gari suna noma, komai da ma'aunin shanu yake auna shi. Ya saurare su har suka gaji, sannan ya ce wannan ai ba sabuwar magana ba ce, kiwo ne. In ka ba mutum saniya a rame ya kiwata, ranar da ka zo karɓa da ƙibarta kake tafiya. Nonon da ya sha a tsakani shi ne ladansa. Ba a taɓa jin makiyayi ya ce a yanko masa kitsen da ya sa mata ba.

Da Mahbub ya ƙara haƙuri kaɗan, da ya ji ƙarshen maganar, don dattijon yana shirin cewa ba a kuma karɓe saniya daga gidan da nononta ke ciyar da yara. Amma zuciya ta riga ta ɗebe shi, ya katse tsohon a gaban jama'a.

"Baffa, wannan ba saniya ba ce. Kitsenta yana fita, yanzu kuwa za ku gani. Kowa ya ɗauki nasa."

"Ka yarda kowa ya ɗauki nasa?" in ji Hammadu.

"Na yarda."

Mahbub ya je ya ɗauko kwamfutar, ya dire ta a kan tabarma, ya kwance ta yana huci. Ya zare ram, ya cire faifan, ya cire fankar, ya jera su a gefensa, ya tura wa yayan akwatin. Daɗi ya kama shi har cikin ransa, don ya ga ya rama.

Hammadu ya leƙa cikin akwatin, ya ɗago a natse.

"To, ina kayan cikin da na ba ka ita da su?"

Mahbub ya shiga bayanin musaya da ciko, da cewa tsofaffin ba su da wani amfani, amma kowace kalma ƙara nutsar da shi take yi. Baffa Sajo, wanda bai manta an katse shi ba, ya ce shi bai san ram ba, amma ya san amana. An ba Mahbub abu da cikinsa, ya ɓatar da cikin ba da sanin mai shi ba, saboda haka abin da ya sa ya zama madadin abin da ya cire. Maganar barin saniya a gidan yara kuwa, bai sake tayar da ita ba.

Da hannunsa Mahbub ya mayar da komai, ɗaya bayan ɗaya, mutane na kallo. Hammadu ya ɗaure kwamfutar a bayan babur da roba, sannan ya waiwayo.

"Zaurena a buɗe yake. Ka zo ka riƙa danna mini ita, zan riƙa sallamarka."

Mahbub ya ce ko yunwa za ta kashe shi ba zai taka zauren ba. Ya kuwa yi ta cijewa na wasu kwanaki, yana zaune yana kallon firintar da ba ta da uwa, masu kati suna zuwa suna juyawa. Amma shi kaɗai zai iya cijewa, yaran ba za su iya ba. Wata safiya ya rungumi firintar ya bi ta bayan layi zuwa gidan yayansa.

Bai gama haɗa wayoyin ba wani mutumin Garo ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaida Hammadu, suka yi doguwar gaisuwa, har da tambayar shanu da amfanin gona. Sannan ya nuna Mahbub da haɓa.

"Alhaji, ko yaron naka zai iya buga mini katin ɗaurin aure yau?"

"Zai buga," in ji Hammadu.

Mahbub ya jawo kujera ya kunna kwamfutar.